Cuta Da Cutarwa: Da Wane Mudu Ake Awo?

Bahaushe kalma ɗaya ya ajiye wa abubuwa biyu. In zazzaɓi ya kwantar da mutum, sai a ce cuta ce ta kama shi. In dillali ya danne masa kuɗin akuyarsa a kasuwa, sai ya ce an cuce shi, wannan ma cuta ce. Watau sauro da macuci sun yi tarayya a suna, duk da ɗaya bai san abin da yake yi ba, ɗayan kuwa da shiri ya fito daga gida. Bayan wannan kalma akwai 'yan'uwanta birjik. Shanu in sun faɗa gona ɓarna suka yi, gobara ta'adi take yi, magani yakan bar illa, tsautsayi yakan yi wa ido lahani, ɗan kasuwa yakan tafka asara, mai ƙarfi kuwa zalunci yake yi. Kowace da mazauninta, amma mu masu alƙalami sau da yawa tsintar su muke yi kamar tsakuwa, wadda hannu ya fara kaiwa gare ta ita ke nan.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance ba sha'awar ƙamus ba ce. Tun wajen 1990 da littattafan hikaya suka cika kasuwannin Kano, Kaduna da Gusau, tuhuma ɗaya ake ta maimaita mana: wai rubutunmu yana cutar da tarbiyyar yara. Mu kuma amsa ɗaya muke maimaitawa: wai faɗakarwa muke yi, ba mu cuci kowa ba. An kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a Kano a 2001, a 2007 kuma an tara littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai an cinna musu wuta, amma har yau da mai tuhumar da mai kare kansa ba wanda ya tsaya ya faɗi abin da yake nufi da cutarwa. To, akwai mutanen da auna cuta shi ne sana'arsu ta kullum. Ya kamata mu leƙa rumfunansu mu ga irin mudun da kowa ke riƙe da shi.

Alƙali shi ya fi kowa buƙatar iyaka, domin shi ba ya tashi daga zama sai ya yanke. Kundin dokokin laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya raba rauni gida biyu, ƙarami da babba. Cikin babban ya lissafa makantar da ido, da kurmantar da kunne, da karya ƙashi ko haƙori, da ɓata fuska, sannan ya ƙara da duk raunin da ya hana mutum harkokinsa na yau da kullum har kwana 20. Mai karatu zai ce, to wanda ya kwana 19 yana nishi fa? Shi ma ya ji jiki, amma doka dole ta ja layi a wani wuri, in ba haka ba kowane alƙali sai ya auna da nasa son rai.

Abin da ya fi ba mu sha'awa a rumfar alƙali shi ne irin asarar da yake gani ƙuru-ƙuru amma ya ƙi kiranta cuta. A 1410, a garin Gulosta na ƙasar Ingila, wasu malaman makaranta sun kai ƙarar wani malami da ya zo ya buɗe tasa makarantar kusa da su, har ya sa kuɗin da suke karɓa kan kowane yaro ya faɗo daga kwabo 40 zuwa 12. Kotu ta ce lalle sun yi asara, amma ba a taɓa haƙƙinsu ba, don ba wanda ya mallaki 'ya'yan mutane. (Masu makarantun kuɗi na unguwanninmu sai su yi haƙuri da juna, shari'ar ta daɗe da ƙarewa.) A daidai wannan zamani, can a Garnaɗa ta Andalus, alƙali Ibn Asim, mai littafin Tuhfa wanda alƙalanmu suka daɗe suna karantawa, ya kawo hukunci irin wannan: mai gidan burodi ba shi da ikon hana wani ya gina tanderu kusa da nasa don kawai ciniki zai ragu. Amma in hayaƙin tanderun ne ke shiga ɗakin maƙwabci, ko warin majema ya hana shi sakat, ko aka huda taga tana leƙen tsakar gidansa, to wannan sai an kawar. Mutanen nan biyu ba su san da juna ba, addininsu ma ba ɗaya ba, amma sun tsaya a wuri guda. Ba kowace asara ce cuta ba, sai wadda ta ci wani haƙƙi da mutum yake da shi.

Kada kuma a ɗauka alƙali jini kaɗai yake nema. A mazhabar Malikiyya mace tana iya neman a raba aurenta saboda cutarwa, ko da ba tabo a jikinta: zagi na kullum, da ƙaurace mata, da juya mata baya ba dalili, duk suna ciki. Kuma da yake irin wannan abu a bayan zaure yake faruwa, malamai sun yarda a karɓi shaidar abin da ya bazu a bakin maƙwabta da masu shiga gidan. Ashe tun tuni shari'a ta san harshe yana rauni.

Akwai wata shari'a kuma da ta shafe mu fiye da yadda muke zato. A 1928 wata mata mai suna Donoghue ta sha lemon kwalba a Sikotilan, ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki, ta kwanta ciwo. Ba ita ta sayi kwalbar ba, saya mata aka yi, saboda haka babu ciniki tsakaninta da mai kamfanin, bai ma taɓa ganin ta ba. A 1932 babbar kotun ƙasar ta ce duk da haka yana da alhaki a kanta, domin maƙwabcinka a idon doka shi ne duk wanda hankali zai nuna maka aikinka zai iya kaiwa gare shi. Littafi ma kwalba ce rufaffiya. Wanda ya saya daban, wadda ta karɓi aro daban, ƙanwarta 'yar shekara 12 da ta tsince shi ƙarƙashin matashi ita ma daban. Yanzu da labari ke yawo a waya daga wannan hannu zuwa wancan, maƙwabtan marubuci sun wuce lissafi.

Likita shi nasa mudun daban ne, don shi kullum cikin jawo zafi yake. Yana soka allura, yana tsaga ciki, yana yanke ƙafar mai ciwon sukari, a kuma yi masa godiya. Da zafi shi ne cuta, da ba macuci kamarsa. Abin da yake aunawa shi ne bambanci tsakanin halin da mutum ya shiga da halin da zai shiga da an ƙyale shi. Ƙafa ta tafi, amma da an bar ta da rai ne zai tafi. Kyakkyawar niyya kuwa ba ta shiga wannan awo ko kaɗan. Ungozomar da ke yi wa yarinya yankan gishiri taimako take nufi, haka ta gada, amma in reza ta huda mafitsara yarinyar ta kamu da yoyon fitsari, niyyar ba ta ɗinke komai. Masu aiki a asibitin Babbar Ruga na Katsina sun ga irin waɗannan mata da yawa.

To amma mudun likita ma yana da inda ya gaza, kuma a Kano aka ga haka ƙarara. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara. Yara 200 ne, kusan rabi aka ba su sabon, sauran aka ba su wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren sabon, 6 a ɗaya ɓangaren. Kamfanin ya tsaya a kan lissafi: sanƙarau ne ya kashe su, kuma da ba a ba su magani ba da waɗanda za su mutu sun fi haka. Iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba, ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. A lura, ɓangarorin nan biyu ba magana ɗaya suke yi ba. Ɗaya yana ƙirga gawa, ɗaya yana maganar haƙƙin uba na a tambaye shi kafin a taɓa ɗansa. Ko da a ce ba yaron da ya mutu, maganar iyayen tana nan daram.

Sannan ga wata cutar ta uku wadda ba ta shiga takardar kowa ba, watau mutuwar amana. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Kafin a dawo da allurar a 2004 ƙwayar cutar ta sami hanya, ta bazu zuwa ƙasashe da dama, daga baya ta kai har Yaman da Indunusiya. Sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Yaron da ƙafarsa ta shanye a wancan tsakani, wa zai kai ƙara?

A Zamfara ma tambayar ke nan, sai dai ta fi ɗaci. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, fiye da 400 suka tafi. Iyayensu ne ke kawo duwatsun zinariya gida suna daka su a tsakar gida, ba su san akwai dalma a ciki ba. Ƙurar ta sauka a ƙasa inda yara ke rarrafe, ta shiga abinci. Babu macuci a wannan labari, sai uba mai neman abin sa wa a bakin salati. Waɗanda suka tsira kuma da yawansu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, illar da ba a gani sai ran da yaro ya zauna a aji ya kasa riƙe abin da aka koya masa. Mu malaman makaranta mu ne muke karɓar irin wannan yaro, mu rubuta masa “daƙiƙi” da jan biro. Mu riƙe wannan misali na ƙura, za mu dawo kansa.

Masana tattalin arziki su kuma a jimla suke awo. An gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, an sami noman rani da ruwan sha. Can ƙasa kuwa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka dogara da ita ta canja, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. A takarda ana iya haɗa ribar wannan da asarar wancan a fitar da amsa ɗaya. Sai dai mai ribar da mai asarar ba tukunya ɗaya suke ci ba.

Masu falsafa fa? Wanda aka fi ambata shi ne Bature John Stuart Mill, wanda a 1859 ya kafa ra'ayin cewa hukuma ko jama'a ba su da hurumin tilasta wa baligi mai hankali komai, sai don a hana shi cutar da wani. In kansa kaɗai yake cuta, a yi masa nasiha a ƙyale shi. Ra'ayin yana da amfani, domin yana tilasta wa mai son hana abu ya nuna wanda aka cuta. Amma a wurinmu da wuya a sami wannan mutum da ke cutar kansa shi kaɗai. Saurayin da ke shan kodin, kafin gwamnati ta hana shi a 2018 da bayan hanin, kuɗin cefanen uwarsa yake sha, auren ƙanwarsa yake ɓatawa, don masu bincike sai sun tambayi gidan. Shekara 100 bayan Mill, wani alƙalin Ingila, Devlin, ya ce al'umma ita kanta ana iya cutar da ita in aka kwance ɗabi'un da suka ɗaure ta. Wannan shi ne ainihin abin da masu sukar littattafanmu suke faɗa, ko sun san Devlin ko ba su san shi ba. Maganar ba shirme ba ce. Haɗarinta shi ne ba ta da kwana 20, ba ta da layi. Duk abin da ya ɓata wa mai iko rai yana iya cewa al'umma aka cuta.

Yanzu mu dawo gida. A ganinmu abubuwa uku ake cakuɗawa in ana maganar cutarwar littafi, kuma raba su shi ne rabin aikin.

Akwai ɓacin rai. Lokacin da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, ta ba da labarin magidancin da ya wulaƙanta matarsa da 'ya'yansa saboda wata macen, ba shakka akwai mazan da suka ji zafi. Wannan zafin allura ne. Ba wani haƙƙi nasu da aka ci, don ba wanda yake da haƙƙin a rufa wa mugun halinsa asiri a cikin ƙagaggen labari. Hukuncinsu hukuncin mai tanderu ne da aka buɗe wani kusa da shi. Yawancin ƙorafin da ake yi a kan adabi, in aka tankaɗe shi, a nan yake faɗawa, kuma a nan bai kamata marubuci ya ja da baya ko taƙi ɗaya ba.

Akwai kuma cutarwa ta gaske, kuma a nan ne mu marubuta muke son zamewa. Ba zai yiwu da safe mu ce alƙalami ya fi takobi, muna gyara al'umma, da yamma in an tuhume mu mu ce ai labari ne kawai ba. Abin da ke iya warkarwa yana iya illa. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda bai ɗauki adda ba a 1994, magana kawai ya yi, amma a 2003 kotun duniya ta ɗaure waɗanda suka kafa shi. Littafin da Goethe ya fitar a 1774 game da saurayin da ya kashe kansa saboda soyayya har hana shi aka yi a birnin Laifzig, don tsoron masu kwaikwayo. A 1974 wani mai bincike a Amurka, David Phillips, ya nuna yawan masu kashe kansu yana ƙaruwa bayan jaridu sun yayata irin wannan labari a shafin farko. Saboda haka marubucin da ya sa jarumarsa ta sha fiya-fiya don an hana ta wanda take so, ya bayyana yadda ta yi dalla-dalla, ya kuma sa kowa ya dawo yana kuka yana ba ta gaskiya, ya san kwalbar da ya rufe. Haka mai rubuta batsa tsirara ya saka a waya, alhali ya san yara ke riƙe da wayoyin.

Amma wanda ya ce a hana, shi ma sai ya karɓi mudun likita ya auna: in an hana, me zai maye gurbin? Mu da muke tsaye gaban allo mun san ɗalibai mata da yawa da ba littafin aji ne ya zaunar musu da karatu ba, waɗannan littattafan ne da ake ɓoyewa cikin hijabi. Yarinyar da aka ƙona wa littafi ba ta koma karanta Magana Jari Ce ba, sau da yawa barin karatun ta yi gaba ɗaya. Wannan ma asara ce, sai dai ba mai ƙirga ta, kamar masuncin Nguru. Mu kanmu a makaranta muna da irin wannan makanta. In malami ya fasa wa yaro baki da bulala, gari ya ɗauka, kuma daidai ne a ɗauka. In ya tura yaro aji na gaba shekara shida alhali bai iya haɗa baƙi ba, sai a ce malam mai kirki ne.

Na ukun shi ne ƙurar nan ta Zamfara, kuma shi ya fi damun mu don ba a cika zancensa a tarukanmu ba. Littafi ɗaya da ya nuna kishiya a matsayin mai zuwa gidan boka bai cuci kowa ba. Amma in littafi 500 suka yi haka, kowace kishiya muguwa, kowace bazawara mai ƙwacen miji, kowane ɗan ƙauye wawa, kowane gurgu ko makaho abin tausayi ko abin dariya, kowace baƙar mace 'yar aiki, jaruma kuwa sai fara mai dogon hanci da gashi har gadon baya, to ƙura ta taru. Amaryar da za ta shiga gidan mai mata ta riga ta shaƙa tun tana aji uku, ta shiga da shirin yaƙi. Yarinyar da ke shafa man bilicin ba za ta iya nuna littafin da ya sa ta ba, mu ma ba za mu iya ba. Ba alƙalin da zai saurari wannan ƙara, ba kuma hukumar tacewa da za ta kama shi, domin kowane shafi in an duba shi shi kaɗai lafiya lau yake. Mai iya ganin sa shi ne marubuci, a lokacin da hannunsa ya miƙa zai ɗauko kishiyar nan da aka saba, ya tsaya ya tambayi kansa ko ya taɓa sanin wata kishiya mai kirki. Ya sani mana. Wataƙila ma ita ta goya shi.

Saura abu ɗaya da ya kamata sababbin marubuta su ji, don su ne suka fi faɗawa ciki. An ce mu rubuta abin da muka sani, kuma abin da matashi ya fi sani shi ne gidan maƙwabta. Sai ya ɗauko mutuwar auren da aka yi a layinsu, ya canja sunan matar daga wannan zuwa mai kama da shi, ya bar sana'ar mijin, da yawan 'ya'yan, da launin ƙofar gidan, ya ƙara mata laifin da ba ta yi ba don labari ya yi armashi, sannan ya rubuta a shafin farko cewa duk wanda ya ga ya yi kama da shi arashi ne. Wannan jimla ba ta rufe tagar da ya huda. A nan duk mudun da muka zagaya sun cika: akwai mutum takamaimai, akwai haƙƙin da aka ci, akwai halin da take ciki kafin littafin da wanda ta shiga bayansa. Kuma shaidar ba ta da wuyar samu, irin wadda alƙali ke karɓa ce a shari'ar cutarwa, watau abin da ya bazu a bakin unguwa. In matan layin suka karanta suka kira sunanta na gaskiya tun kafin su kai shafi na 10, to ita aka rubuta. Manemin da ya zo bincike a kanta bayan shekara biyu, labarin littafin za a ba shi, har da laifin da aka ƙara mata don armashi.